Manhaja ɗaya, gida uku: tambayar da ba a yi kafin a ɗora sunayen yaranmu a kwamfuta

Shekaru kaɗan da suka wuce, idan aka ce lakwal tana da kwamfuta, ana nufin wadda ke ofishin darakta, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura, ana buga jerin sunaye da ita sau biyu a shekara. Yanzu abin ya canza. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, balle Yamai, ba wuya ka ji makaranta ta ɗauki manhajar da ke tara makin yara, ta fitar da takardar sakamako, ta aika wa uba saƙo a salula idan ɗansa bai zo aji ba. Yawanci wani matashi ne da ya karanta ilimin kwamfuta yake kawo ta. Ana tambayarsa jika nawa ne kuɗinta, ana tambayarsa ko tana aiki in babu rezo. Tambayar da ba a cika yi ba, wadda kuma a ganina ta fi waɗannan nauyi, ita ce: ranar da zai gyara ta ko ya ƙara mata wani abu, a ina zai gwada, kuma da sunayen ƴaƴan wa?

Ni malamin lissafi ne. Abin da ya haɗa ni da wannan fanni shi ne an ɗora mini kula da manhajar Moodle da muke ajiye darussa da aikin gida a kanta, don kawai an ga ina da haƙurin zama gaban kwamfuta. A wannan zaman ne na fahimci cewa yawancin ɓarnar da manhaja ke yi wa makaranta daga wasu ƴan layuka take fitowa, layukan da ba su cika shafi ɗaya ba, waɗanda ke gaya wa manhajar inda take da kuma waɗanda take magana da su. Malami ko uba ba ya bukatar iya rubuta waɗannan layuka. Amma ya kamata ya san akwai su, ya kuma san abin da zai tambaya a kansu.

Kowace manhajar intanet da ake kula da ita yadda ya kamata tana da gida uku. Na farko shi ne kwamfutar wanda ke ƙera ta, inda yake rubutawa yana sharewa, ya ɓata ya gyara, babu mai ganinsa. Na biyu wurin gwaji ne, wato kwafin manhajar da aka ɗora daban don darakta da malamai biyu ko uku su taɓa ko'ina su ga ko sabon abin da aka ƙara yana aiki. Na uku shi ne wurin aiki na gaske, inda makin yarinya na lissafi yake, da lambar salular babanta, da bashin kuɗin makaranta da ake bin gidansu.

Duk wanda ya bi ta makarantar horon malamai ya san wannan tsari ko da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Darasin rabawa, ka fara shirya shi a takarda a ɗakinka. Sannan ka koyar da shi gaban ƴan uwanka ɗalibai suna yin kamar yara, ko a lakwal ɗin gwaji, malaminka na zaune a baya yana rubuta gyare-gyare. Sai daga baya a tura ka ƙauye a ba ka ajinka a rumfar zana, yara cike har bakin ƙofa. Darasin ɗaya ne a wurare ukun. Abin da ke canzawa shi ne abin da ke kewaye da shi: yawan yara, allon da ke akwai, harshen da suke ji, da kuma wanda zai cutu idan abin ya karkace. Wannan abin da ke kewaye da manhaja, wanda ke canzawa daga gida zuwa gida, shi ake kira saiti.

Bari in ɗauki Moodle, tunda ita na sani. Martin Dougiamas ne, mutumin Ostiraliya, ya fara fitar da ita a 2002, kyauta ce, kuma jami'o'i da makarantu a ƙasashe da yawa suna aiki da ita. Dubban fayiloli ne a cikinta, kuma iri ɗaya ne a Yamai da Dakar da Landan. Fayil guda ɗaya ne kawai ya bambanta, sunansa config.php. A ciki aka rubuta inda rumbun bayanai yake, da sunan rumbun, da sunan mai izinin shiga, da kalmar sirrinsa. A ciki aka rubuta adireshin shafin a intanet, da babban fayil ɗin da ake ajiye takardun da yara ke turowa. Sauran manhajojin ma haka suke. WordPress na da wp-config.php, kuma tun 2020 tana ba da damar a rubuta ƙarara a ciki cewa wannan wurin gwaji ne ko na gaske. Manhajojin da aka gina da Laravel, wadda matasa da yawa ke aiki da ita, suna da wani ɗan fayil mai suna .env. Sunaye ne suka bambanta, aikin ɗaya ne.

Idan aka kwashe manhaja daga wani gida zuwa wani aka manta da wannan fayil, abu biyu kan faru, ɗaya mai ban haushi, ɗaya mai haɗari. Mai ban haushin shi ne na adireshi. A kwamfutar mai ƙera manhaja adireshin yawanci localhost ne, ma'anarsa "wannan na'urar da nake kai". Idan aka ɗora manhajar a intanet ba a canza shi ba, uba zai danna mahaɗi, salularsa ta shiga neman shafin a cikin kanta, ta dawo ta ce babu. Wannan ana ganinsa nan take, a gyara. Mai haɗarin kuwa shiru yake yi. An kwafi manhajar gaske don a yi gwaji, amma an bar sunan rumbun bayanai yadda yake. Mai gwaji yana ganin wasa yake yi da kwafi, yana share aji, yana bai wa kowa ashirin cikin ashirin don ya ga yadda takardar sakamako za ta fito, alhali duk abin da ya taɓa a rumbun gaske yake sauka. Sai ƙarshen zango, malamin Faransanci ya buɗe ya tarar makin da ya kwana yana shigarwa babu su.

Saitin da ya fi taɓa uwaye kai tsaye shi ne na saƙonni. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa shigowa gidanmu bayan sallar isha'i, salula a hannu, ta ce, "Mushe, don Allah karanta mini wannan, baban Nana ya ce gobe ba za ta koma lakwal ba." Na karɓa na duba. Saƙo ne da Faransanci daga makarantar da yarinyar ke zuwa, ba tamu ba, yana cewa kwana uku ba a gan ta a aji ba. Na ce, "Maman Nana, ki roƙe shi ya dakata zuwa safiya, a je a tambaya." Yarinyar na can ɗaki tana kuka tana rantsuwa cewa ko rana ɗaya ba ta yi fashi ba, uban kuma ya riga ya fara tambayar inda take zuwa idan ta fita da jaka. Washegari aka gano gidaje da yawa sun sami saƙon nan a lokaci guda. Wanda ya haɗa musu manhajar ne yake gwada sabon tsarin kiran suna a kan kwafi, kwafin kuma na ɗauke da lambobin uwaye na gaskiya, makullin aika saƙo kuma na gaske ne. An ba da haƙuri, an aika saƙo na biyu. Amma magana zarar bunu ce. A garin da ake cire yarinya daga aji a kan abin da bai kai wannan ba, saƙon ƙarya guda ɗaya ya isa ya shuka zargin da saƙon gyara ba zai tumɓuke ba.

Abin takaicin shi ne maganin layi ɗaya ne. A Moodle akwai saiti mai suna noemailever. Idan aka kunna shi a kwafin gwaji, manhajar ba za ta aika wasiƙa ga kowa ba, ko me aka danna. Akwai wani kuma da ke karkatar da duk wasiƙu zuwa adireshi ɗaya, na mai gwajin, don ya ga yadda suke fitowa ba tare da sun isa ga kowa ba. Duk manhajar da ke aika saƙon waya tana iya samun irin wannan: a wurin gwaji a cire makullin kamfanin saƙo, ko a sa ta rubuta saƙon a fayil kawai. Kada a ɗauka mu kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ranar 13 ga Janairu 2018, mazauna Hawaii a Amurka suka ga saƙo a wayoyinsu cewa makami mai linzami na tahowa, su nemi mafaka. Atisaye ne ake yi a ofishin agajin gaggawa, saƙon gaske ya fita. Minti 38 aka ɗauka kafin saƙon gyara ya iso. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Labarin Nana ya ɗauko wata tambaya: me ya kai lambar babanta cikin kwafin gwaji tun farko? Amsar ita ce sauƙi. Ya fi sauƙi a kwafi rumbun gaske dungurungum da a zauna a ƙirƙiri yara ɗari na ƙarya. Sai dai wannan kwafin a kwamfutar hannu yake zama, wadda ake ɗauka a kan babur, a kai ta wurin gyara a kasuwa, ƙane ya ara ya kalli fim. A cikinta akwai ranar haihuwar kowane yaro, da wanda ya maimaita aji, da wanda ubansa ya kasa biyan kuɗi, wani lokaci har da maraya da mai ciwo. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, an kuma kafa hukumar HAPDP aka ɗora mata kula da wannan fanni. Amma ko da babu doka, ba na jin akwai daraktan da zai miƙa wa baƙo rajistar makaranta ya tafi da ita gida don ya koyi ja layi. Wurin gwaji da sunayen ƙarya ya kamata a cika shi. Idan kuma dole sai an yi aiki da kwafin gaske don a gano wata matsala, a share sunaye da lambobin waya kafin ya bar inda yake, a kuma goge shi idan an gama.

Sai maganar kalmar sirri. A 2011 Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Heroku, ya fitar da wasu ƙa'idoji goma sha biyu na gina manhajar intanet, ana kiransu The Twelve-Factor App. Ƙa'ida ta uku a kan saiti take: a raba shi kwata-kwata da rubutun manhaja. Ya ba da ma'auni mai sauƙi, wato mutum ya tambayi kansa ko zai iya buɗe rubutun manhajarsa ga duniya yanzun nan ba tare da wani sirri ya fita ba. Idan ba zai iya ba, to ya cakuɗa abin da bai kamata a cakuɗa ba. Manyan kamfanoni ma sun sha wuya a nan. A 2016 ɓarayin intanet suka shiga inda ma'aikatan Uber ke ajiye rubutun manhajarsu a GitHub, suka tarar da makullan shiga rumbun bayanai a rubuce ciki, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi.

Mu a nan hanyar da sirri ke fita ta fi wannan sauƙi. Matashi ya haɗa wa wata lakwal manhaja ta yi kyau, abokinsa ya ce ya turo masa ya gani, sai ya naɗe babban fayil ɗin gaba ɗaya ya tura ta WhatsApp, da fayil ɗin saiti a ciki. Ko kuma ya sayar wa makarantu biyar manhaja ɗaya, duk da kalmar sirri ɗaya, wadda ita ce kuma yake aiki da ita a kwamfutarsa tun yana ɗalibi. Wanda ya san ta wuri ɗaya ya san ta ko'ina. Tsarin da ya dace shi ne kowane gida da kalmarsa, kowace makaranta da tata. Ta wurin gaske kuma mutum biyu su san ta, a rubuta ta a takarda a rufe a ofishin darakta, domin matasa suna tafiya, wani ya sami aiki a Yamai, wani ya wuce Kwatano ko Aljeriya, makaranta kuma ta wayi gari ba ta da makullin gidanta. Ranar da wanda ya san ta ya bar aiki, ranar ake canza ta.

Akwai wani saiti da uba zai iya gane matsalarsa da idonsa. Mai ƙera manhaja yana son idan abu ya lalace, allo ya nuna masa komai: wane fayil, wane layi, wace tambaya aka yi wa rumbun bayanai. Don haka a kwamfutarsa yake kunna saitin bayyana kurakurai. A wurin gaske dole a kashe shi, masu Django da Laravel da Moodle duk sun yi wannan gargaɗi a takardunsu. Idan aka bar shi a kunne, duk wanda ya sa manhajar ta yi tuntuɓe zai ga cikinta, ya ga sunayen fayiloli da tsarin rumbun, wani lokaci har da abin da ya kamata ya zama sirri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a kowane lise akwai yaro ɗaya mai kaifin kai da ke neman tsagar, musamman idan makinsa na bayanta. Don haka idan ka buɗe shafin makarantar ɗanka ya lalace, ka lura da abin da ya nuna. Idan gajeren saƙon ba da haƙuri ne, to madalla. Idan dogayen layuka ne na Ingilishi cike da alamomi, ɗauki hotonsa ka kai wa darakta, kada ka watsa shi a zauren WhatsApp na uwaye.

Wasu saitunan kuma sun shafi ƙasar da manhajar ta sauka, kuma a nan ne manhajar da aka ƙera a wani wuri ke yawan cin tuntuɓe da mu. Na farko agogo. Nijar tana gaban agogon duniya da awa ɗaya duk shekara. Faransa kuwa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana gaba da awa biyu. Idan aka bar manhaja a kan agogon Paris, malami ya ce a miƙa aiki kafin sha biyun dare a watan Afrilu, ƙofa za ta rufe ƙarfe sha ɗaya a agogon Damagaram, yaron da ya jira wuta ta dawo ya yi caji ya tarar an rubuta masa latti. Sunan saitin da ya dace Africa/Niamey. Na biyu waƙafi. Mu da Faransanci 12,5 muke rubutawa, manhajar da aka saita a tsarin Ingilishi kuma 12.5 ta sani. Wata za ta ƙi karɓa, wannan da sauƙi. Wata kuwa za ta karanta 12 ta zubar da sauran ba tare da ta ce komai ba. Rabin maki nan, rubu'i can, ga yaron da ya cancanci 10 cikin 20 ya koma ƙasa da haka. Kwanan wata ma haka ne: 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris.

Na uku shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tsohon tsarin adana haruffa da ake kira latin1 ya ɗauki haruffan Faransanci masu alama a kai, amma bai san namu ba. Mai ƙera manhaja zai gwada da Faransanci ya ga komai lafiya. Ranar da malamar ajin harsuna biyu ta ɗora darasin Hausa, sai "ƙasa" ta fito da alamar tambaya a madadin harafin farko, yaro ya rasa ko ƙasa ake nufi ko kasa. Dole a saita rumbun a kan UTF-8 tun ranar da aka kafa shi, domin abin da ya riga ya koma alamar tambaya ba ya dawowa. Yanzu da kundin da aka kafa a 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, wannan ya wuce maganar ado. Duk wanda ya kawo mana manhaja, a sa shi ya rubuta "ƴaƴan Maraɗi sun ɓoye ƙwarya" a ciki, ya adana, ya buɗe, ya buga a takarda muna kallo.

Bayan an raba gidajen uku, saura a iya bambanta su da ido. Kwafin gwaji da na gaske kamar tagwaye suke a allo, mutum kuma yana gajiya. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab, da dare bayan doguwar rana, ya ba da umarnin share rumbun bayanai yana tsammanin yana kan kwamfuta ta biyu, ashe kan babbar yake. Kafin ya tsayar, kusan giga 300 sun tafi. Da suka juya ga hanyoyin ajiyar kwafi da suka dogara da su, sai suka tarar ba sa aiki. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa shida kafin nan don wurin gwaji, aikin waɗannan awanni shida kuma ya salwanta. Cikin gyare-gyaren da suka sa a gaba har da sauya kamannin allon umarni don a riƙa gane inda ake. Mu a wurinmu abin da muka yi shi ne muka sa wa kwafin gwaji jan launi, da kalmar GWAJI da manyan haruffa a saman kowane shafi. Darasi na biyu daga labarin shi ne kwafin ajiyar da ba a taɓa maido shi an gani ba, ba a san ko yana aiki ba. Wurin gwaji shi ne inda ake wannan dubawar, sau ɗaya a kowane zango.

Kada kuma a zarce. Bambancin da ke tsakanin gidajen ya tsaya a fayil ɗin saiti, sauran komai ya zama iri ɗaya gwargwadon iko. Idan mai ƙera manhaja yana gwaji a sabuwar kwamfuta da intanet mai gudu, yaran kuma za su shiga da tsohuwar salular yayansu a unguwar da rezo ke zuwa yana tafiya, to gwajin bai gwada komai ba. Ga misali ƙarami: PHP, harshen da aka rubuta Moodle da WordPress da shi, idan ba a taɓa saitinsa ba, ba ya karɓar fayil da ya wuce mega 2, hoton shafin littafi da salula ta ɗauka kuma sau da yawa ya fi haka. A kwamfutar mai gyara an ɗaga iyakar tuntuni, a wurin gaske an manta. Yaro ya ce ya tura aikinsa ya ƙi tafiya, malami ya ce ƙarya yake yi. Haka nan makarantun da ke aiki ba tare da intanet ba, da irin ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da ake ɗora wa MoodleBox ta riƙa ba da wifi a cikin aji: galibinsu ba su da batirin agogo, don haka idan wuta ta ɗauke ta dawo sai an duba kwanan wata, in ba haka ba ranakun miƙa aiki su rikice.

Na san abin da wasu daraktoci za su ce: mu da kyar muke biyan alli, ina muka ga kuɗin kwamfuta uku? Gida uku ba ya nufin saye uku. Na farko kwamfutar mai ƙera manhajar ce, yana da ita. Na biyu yana iya zama tsohuwar kwamfutar ofis, ko rumbu na biyu a wurin da aka riga aka yi haya, da sunansa daban da kalmar sirrinsa daban. Abin da ake kashewa shi ne lokaci, awa biyu ko uku a farko, da haƙurin cewa sabon abu ba zai shiga wurin gaske ba sai ya kwana a wurin gwaji. A ƙara da doka ɗaya: ba a taɓa saiti a makon jarrabawa ko makon fitar da sakamako, komai ƙanƙantar gyaran.

Kwamitin kula da makaranta na CGDES, da ƙungiyar uwayen yara, da ƙungiyar uwaye mata, su ne ke da bakin magana idan za a kashe kuɗi, don haka su ya kamata su riƙe waɗannan tambayoyi. Akwai wurin gwaji daban da na gaske, kuma za a iya nuna mana su biyun? Sunayen da ke wurin gwaji na yaranmu ne ko na ƙarya? Idan aka danna aika saƙo a can, ina yake zuwa? Wa da wa suka san kalmar sirrin wurin gaske, kuma me zai faru idan mai manhajar ya bar gari? A wace ƙasa bayanan suke ajiye, kuma a kan agogon wa? Yaushe aka maido kwafin ajiya na ƙarshe aka ga yana aiki? Matashin da ya san aikinsa zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, domin amsarsu na hannunsa. Wanda ya ce abin ya fi ƙarfin fahimtarku, a ba shi mako biyu ya dawo da amsa kafin a sa hannu a takarda.

Ba na cikin masu cewa a koma ga alƙalami da rajista kawai. Na ga yadda manhaja ke rage wa malami kwanakin lissafin matsakaicin maki, na ga uwar da ba ta iya zuwa lakwal ba ta san halin da ɗanta ke ciki. Amma rajistar takarda tana da ladubban da muka gada: ba a fita da ita, ba a gwada alƙalami a kanta, ba a ba ɗalibin malami ita ya koyi cikawa, ana ba shi farar takarda ya ja layi. Waɗannan ladubban ne fayil ɗin saiti ke riƙe wa manhaja, kuma mu da aka ba amanar yaran mu ne za mu tabbatar an bi su. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.